Lauyar da ta sauke ni hawa ɗaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina tsaye a bakin tukunyar dafa sabulu da hantsi, direbanmu ya dawo daga kai kaya ya ce mini Allah ya yi wa Lauyar Kanti rasuwa bayan gajeriyar jinya. Na nemi buhu na zauna. Matan da ke naɗe sabulu suka tsayar da aiki ba tare da kowa ya ce musu su tsaya ba.

Lauya, na san za ki yi dariya da kin ga wanda ya ɗauki alƙalami yau. A cikin duk masu yabonki, ni ne wanda ya maka kamfaninku a kotu, kuma ke aka turo ki kayar da ni.

Ga wanda bai sani ba, marigayiya ita ce babbar lauyar kamfanin nan mai manyan kantuna, irin waɗanda mutum ke shiga sayen allura ya fito yana tura kwando cike. Kamfani ne mai saurin alkawari. Ya kama hayar gine-gine na shekaru masu yawa tun kafin ya san ko za a yi ciniki a wurin, ya ce wa wannan zai saye duk abin da ya sarrafa, ya ce wa wancan shi kaɗai ne. Manya su sa hannu su sha tafi, idan ta ɓaci a kira ki. Mai gini yana ƙara, mai kawo madara yana ƙara, har da wani bawan Allah da santsin tayil ya kwashe. Shi wannan da ƙafarki kika je duba shi a asibiti kafin a yi maganar diyya, kika tarar abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ma'aikaci ya yi dariya lokacin da ya faɗi. An ce kin taɓa gaya wa shugabanninku a taro, cikin ladabi, su daina yin alkawarin da sai jikokinsu za su cika.

Tawa shari'ar a kan kantar jera kaya ce. Duk ɗan kasuwa ya san hawan kanta ba ɗaya ba ne: kayan da ke daidai ido su ne ke tafiya, na ƙasa kuwa sai ƙura. Na biya aka ba ni hawan ido a duk rassan kamfanin, na ƙara tukwane, na ɗauki ƙarin ma'aikata. Ashe wani manaja ya sayar wa wani ƙaton kamfanin sabulu wannan hawan dai. Ranar da na shiga kanti na tarar da sabuluna a can ƙasa kusa da tsintsiya. Ciniki ya tsaya cak. Kwalaye suka cika ɗakin ajiya har ƙofa ba ta rufuwa, na fara duban fuskokin matan nan ina tunanin wadda zan fara sallama. Yawancinsu su ke riƙe da gidajensu.

Na ɗauko lauya, dogo mai murya, wanda yake cajin mutum ko gaisuwa ya amsa. Aka shiga kotu, yau a ɗage, gobe alƙali ya tafi taro. Lauyana yana ƙiba, ni ina ramewa.

Wata rana a harabar kotu kika tako har inda nake. Ke ba doguwa ba ce, Allah ya jiƙan ki, rigar lauyoyi ma kusan jan ƙasa take yi a jikinki. Kika ce, "Mai Sabulu, ni lauyarsu ce ba taka ba, kada ka yarda da ni. Amma gani ya kori ji. Ka zo kanti ranar Asabar, ka taho da Dogonka." Na ce, "Ranki ya daɗe, kura ce ke gayyatar akuya walima?" Kika ce, "Akuyar da ta shekara tana ciyar da lauya, me ya rage a jikinta da kura za ta ci?"

Muka je. Kika tsayar da mu a ƙarshen layin sabulu, ni da Dogo da manajan da ya haɗa rigimar, shi ma zanƙalele. Kika ce mu yi shiru mu kalli masu saye. Mata ne kusan dukkansu, wata da goyo, wata tana jan yaro, wata kakar wani. Babu wadda ta ɗaga kai ta dubi hawan da muke ta kashe kanmu a kansa. Hannunsu yana zuwa ne kan na ƙasa da shi, inda aka jibge wasu soso da babu mai rigima a kansu.

Sai kika juyo kika ce wa manaja, "Wa ya auna muku hawan ido?" Ya ce shi da abokan aikinsa ne suka tsaya suka duba. Kika ce, "To, idonku kuka auna. Ni a nan nake sayayya tun da aka buɗe, ban taɓa ganin abin da ke can sama ba sai na yi ɗage." Dogo ya buɗe baki zai kawo sashe na kaza na doka, na take masa ƙafa.

A nan kika yanke: ƙaton kamfani ya riƙe hawansa da ya biya, ni a sauke ni hawa ɗaya daga wanda na biya, a gwada na 'yan watanni, idan bai karɓe ni ba mu koma gaban alƙali ba gaba ba ƙiyayya. Girman kai ya so ya hana ni, wai ni za a sa a ƙasan wani. Amma ni ɗan kasuwa ne, na san ba a cin girma da miya. Na yarda. Kafin wa'adin ya cika ɗakin ajiya ya zama fili, har muna shanya tabarma a ciki mu ci abinci. Ban sallami ko mutum ɗaya ba. Kamfaninku bai biya diyya ba, ƙaton kamfani yana can sama yana jin shi ya ci nasara, kuma ban ga dalilin da zai sa in tashe shi daga barci ba. Dogo kaɗai ya yi asara, shi ma ya zo jana'izarki yana share hawaye.

Da na je yi wa maigidanki gaisuwa, na cika masa baki cewa ai marigayiya ta tsaya mini ne saboda ta san darajar kayana. Mutumin kirki, ido jawur, sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Sau ɗaya ta sayo sabulunka, ta ce turaren ya yi yawa, yana sa ta atishawa." Muka yi dariya har 'ya'yanki suka leƙo. Ashe ba kayana kika so ba, Lauya, gaskiya kika so, da bakunan da ke ci daga tukunyata. Na koma na ce a rage turaren. Shawara ce ta zo a makare, amma kyauta ce, kuma ban saba samun kyauta daga lauya ba.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta duk ma'aikatana, ga maigidanki, da 'ya'yanki, da 'yan'uwanki, da ƙananan lauyoyin ofishinki waɗanda yanzu tulin shari'un kamfani ya dawo kansu. Allah ya ba su haƙuri, ya ba su irin idonki. Ke kuma, Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya sa sulhun da kika yi tsakanin bayinsa ya tsaya miki ranar da ba lauya, ba ɗage zama. Allah ya sa Aljanna ce makoma, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.