Shuɗin Mazarin Verna Kivela

Shekara talatin da ɗaya Verna Kivela ta yi tana raba wasiƙu a ƙauyukan da ke kudu da Tafkin Superior a Amurka, ba ta taɓa jefa wasiƙar wani a akwatin wani ba, kuma duk wanda ya zauna da ita na minti biyar sai ya sha wannan labari. Mace ce da ba ta iya haɗiye a ce ta yi kuskure. Shi ya sa maganar mazarin nan ta tsaya mata a rai har shekara goma sha tara.

Ba manyan mazarin nan masu shawagi a kan ruwa take bi ba. Nata su ne 'yan sirara shuɗɗa, tsawon tsinken ashana da ɗoriya, waɗanda in sun sauka a kan ciyawa sai su haɗe fikafikansu a baya. A gundumarmu akwai irinsu ya kai goma sha biyar, kuma a idona da naka duk ɗaya ne: shuɗi da ɗigon baƙi. Masu abin kuwa sun ce launi ruɗi ne. Sai ka sami namiji, ka leƙa can ƙarshen wutsiyarsa, inda yake da wasu 'yan ƙugiyoyi da ba su fi kan allura ba. Kowane iri da siffar nasa, kuma nan kaɗai ake yanke hukunci.

Wata safiya a watan Yuni, lokacin gwiwoyinta na da sauran ƙarfi, Verna ta shiga fadamar Niemi ta ga wani da ba ta taɓa gani ba. Ta san shi a littafi: irin da ke can arewacin Kanada, wanda ba a taɓa rubuta an gan shi a gundumar nan ba. Ta durƙusa ta ɗauke shi hoto guda, ya tashi. To, duk mai ɗaukar hoto ido yake fara nema, haka hannu ya saba. Da aka wanko hoton, idanu sun fito tar, wutsiya kuwa dishi-dishi.

Ta kai wa Dwight Pelkey, tsohon malamin kimiyya na sakandare da ake wa laƙabi da Farfesa, wanda shi ke tace rahotannin ƙungiyarsu ta masu bin mazari kafin a shigar a kundi. Ya juya hoton, ya sake juyawa.

"Ya yi kyau, Verna. Ki rataya a falo. Amma ba zan sa shi a kundi ba."

"Farfesa, da idona na gan shi."

"Ni ma da idona na taɓa ganin kifi ya kai girman kwalekwale. Ki kawo min shi a mace a cikin ambulan, minti biyu na gama miki magana."

"Ni ba na kisa don a rubuta sunana."

Gaskiyarta ne, ba ta yi. Sauran 'yan ƙungiyar kan kama, su tsoma a maganin da ke riƙe launi, su busar, su jera a akwati. Ita nata salon daban. In ta kama da raga sai ta sa a ambulan na takarda, ta shimfiɗa tawul a kan ƙanƙarar cikin kula, ta ɗora ambulan ɗin a kai na minti goma. Sanyi ya sanyaya masa jiki, ta ɗora shi a kan kara, ta ɗauke shi hoto ta sama, ta gefe, ta wutsiya. Rana na ɗumama shi ya kama gabansa. Dubbai ta yi wa haka, kuma tana alfahari babu ko ɗaya da ya mutu a hannunta.

Tun daga ranar, duk Yuni sai ta koma fadamar Niemi neman ɗan Kanada, sunan da ta raɗa masa ke nan. Mako uku kacal yake yawo a shekara. Ita da Dwight kuwa gaisuwa ce kawai a coci, ita ma a tsaye.

Bana ta cika saba'in. Likita ya sa mata ranar aikin gwiwa a watan Agusta, ya kuma faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa daga nan ita da shiga fadama sai dai ta hango daga titi. Fadamar Niemi ba ƙasa ba ce, gansakuka ce shimfiɗe a kan ruwa, kana takawa tana lotsawa, kowane taku sai ka fizgo ƙafa. Ta ji, ba ta yi musu ba, don ita ma ta gaji. Abin da ya rage mata shi ne Yunin nan guda.

Mijinta Reino ke kai ta. Tsohon ma'aikacin injin yanka katako ne, bai san mazari ba, bai kuma nemi sani ba. Yakan faka a-kori-kurarsa a bakin hanya, ya zuba gahawa, ya buɗe burodin da ta naɗe masa nama da dankali a ciki, ya yi ta kallonta tana dingisawa cikin dogayen takalman roba.

"Tsohuwa, in kin nutse kada ki kira ni. Na sa wandona na kirki."

"Wa zai kira ka? Kai da ko kaza ba ka iya ɗagawa."

"Ki gaishe min da mutumin Kanada. Ki tambaye shi ko yana da takardar shigowa."

Kwana goma sha biyar suna haka. Sauro ya cinye mata wuya, ƙudajen daji sun bar mata tabo a bayan kunne. Ta kama ɗari da wani abu, ta duba wutsiyar kowanne da ɗan gilashin ƙara girma da ke rataye a wuyanta, duk na gida ne, ta sake su. In ta kwanta gwiwa ta hana ta barci, in ta tashi sai ta zauna a bakin gado ta daɗe tana kallon takalman kafin ta sa. Wata rana ta tsaya a tsakiyar fadamar ta tambayi kanta wai me take nema ne haka. Ba sha'awa ba ce kuma, sha'awar ta daɗe da ƙarewa. So take kawai Dwight Pelkey ya buɗe baki ya ce ita ce da gaskiya.

Rana ta sha shida, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ta gan shi a kan wani busasshen kara can kusa da buɗaɗɗen ruwa. Ba ta ma ji daɗi ba tukuna, tsoro ta ji. Ta lallaɓa, ta kai raga sau ɗaya, ya shiga. Ta riƙe fikafikan da yatsu biyu ta kai gilashi. Idonta na ruwa saboda gumi, amma abin da ta gani ya ishe ta. Ta sa shi a ambulan.

Taku ɗari biyu ne zuwa mota, sai da ta yi rabin awa. Ta iso numfashi sama-sama, ta buɗe kula ta ajiye ambulan ɗin, ta rufe. Tawul ɗin kuwa yana wuyanta, da shi ta goge gumi tun safe, ba ta tuna ba.

"Na same shi," ta ce da Reino.

Ya ajiye kofinsa. "Da gaske?"

"Minti goma. Bari in miƙe ƙafar nan."

Ta hau kujerar mota, ta jingina kai, ta kalli agogo. Abin da ta sani ke nan.

Da ta buɗe ido inuwar itatuwa ta riga ta juya. Ta kalli agogo, ƙarfe ɗaya saura. Ta sauko ba ta ma ji gwiwar ba. Ƙanƙara ta fara narkewa, ambulan ya jiƙe sharkaf, ya manne a jikin ƙanƙarar.

"Me ya sa ba ka tashe ni ba?"

Reino ya cire hularsa ya sake mayarwa. "Kwana goma sha shida ban ga kin yi barci irin wannan ba. Na ce a raina ƙarin minti goma ba zai kashe kowa ba. Sai na ƙara wani goman."

Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta da ƙarfin yi, kuma ta san ba shi ya manta tawul ba. Ta ɓare takardar a hankali, ta ɗora mazarin a tafin hannunta, ta tsaya a rana. Ta hura masa iskar bakinta. Ta jira minti ashirin, ta jira talatin. Ƙafafunsa sun naɗe, ko motsi. Kyamara na rataye a ƙirjinta, amma hannunta ya ƙi zuwa wurin, don ita ba ta taɓa ɗaukar gawa hoto ba.

"Ki kai wa Dwight," Reino ya ce a hankali. "Tunda dai an riga an yi."

Ta tafi da mazarin gida. Kwana biyu yana kan tagar kicin a cikin murfin kwalba, tana wucewa tana kau da kai. Kunya take ji da baƙin ciki, ga kuma wani abu a ƙasan zuciyarta da ke ce mata ai ga abin da aka nema ya samu, kuma wannan ɗin ya fi komai ba ta haushi. Rana ta uku ta sa shi a sabon ambulan, ta ce Reino ya tada mota.

Dwight ma ya tsufa, da sanda ya buɗe musu ƙofa. Bai yi tambaya ba. Ya share takardun da ke kan teburin cin abinci, ya jawo madubinsa na duba ƙananan halittu, ya daidaita wutsiyar da ɗan hantsaki. Bai kai minti biyun da ya yi alkawari ba ya ɗago.

"Shi ne. Ke ce da gaskiya, Verna. Tun wancan lokacin ke ce da gaskiya, ki yafe ni."

Ta gyaɗa kai. Ta jira ta ji daɗin da ta yi shekara goma sha tara tana tanadi, ba ta ji komai ba sai zugin gwiwa.

"Guda nawa kika gani a wurin?" ya tambaya, yana neman biro.

"Shi kaɗai."

"A duk kwanakin?"

"A duk shekarun, tun bayan na farko."

Dwight ya daina neman biron. Can ya ce, don ya gyara zancen, "To, ki turo min hotonsa yana da rai. Shi za mu sa a bangon mujallar ƙungiya, mutane su ga shuɗin nan."

"Ban ɗauka ba."

Ya kalle ta, ya kalli teburin. Irin waɗannan in sun mutu ba a tsoma su a magani ba, launin ba ya kwana uku. Abin da ke kwance a kan farar takardar ya koma ruwan toka tun daga kai har wutsiya.

Verna ta dafa tebur ta miƙe da kyar.

"Rubuta abinka, Farfesa," ta ce. "Reino, zo ka kama ni, ƙafar ta ƙi."