Yadda Aka Kai Yayana Gida

Shekarar da sojoji suka koma bariki tari ya kama yayana. Mahauci ne a Agege, ga sigari ba ta barin bakinsa. Ya sha maganin kemis har ya gaji, sai da na ga jini a hankicinsa na tasa shi gaba zuwa ƙaramin asibitin bayan layin dogo.

Likitar Bayarabiya ce, kuma wallahi ta yi aikinta. Ta sa aka gwada majina, ba tibi ba ne. Ta sa aka ɗauki hoton ƙirji, ta nuna mana wani ɗan tabo a huhu. Da Yarabanci ta yi mini bayani, cewa tana tsoron ciwon daji ne, amma ƙarami ne tukuna, idan muka hanzarta zuwa babban asibiti wurin ƙwararru ana iya cire shi. Na fito har da 'yar murnata.

Ashe ban san mutanenmu ba! Kafin la'asar dattawan mahauta sun cika zauren kawunmu. A wurinsu, likita ba ya tura ka gaba sai ka fi ƙarfinsa, kuma wanda ciwo ya ci ƙarfinsa a Kurmi gida ake kai shi, kada ya mutu a hannun baƙi. Daga bakin ƙofa na yi ta maimaita abin da matar ta faɗa. Wani ya ce likitoci haka suke lallashin mutane. Wani ya tambaya wa ya kira mace cikin maganar. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Kawu, don girman Allah, asibitin nan hawa biyu ne kawai a motar danfo daga nan."

Ya ce, "Ke yarinya ce. So kike a binne shi a Ikko?"

Shi kuwa yayan nawa yana zaune ya sunkuyar da kai, wai ba zai musa wa manya ba. Mutumin da ke kayar da bijimi! Washegari suka sa shi a gaban tirelar da ta sauke shanu, suka raka shi da addu'a. A ƙauyenmu ko mai yin allura babu.

Ya kai damina ta biyu. Da labarin rasuwarsa ya zo, dattawan nan suka shigo yi mini gaisuwa, ina kawo musu ruwa. Kawu ya dube ni da tausayi, tsakaninsa da Allah, ya ce, "Kin gani ko? Gara da muka kai shi da wuri."