Talle da Na'urar Duban Ciki

Talle mutumin Sanam ne, amma a Yamai ya koyi aikin ordinater, wato kwamfuta. Da aiki ya ƙi samuwa sai ya taho Filinge, ya kama ɗan shago a bakin kasuwa yana gyaran waya. Ya iya rubuta pilot, wato umarnin da ke sa ordinater ta fahimci na'urar da aka jona mata, sai dai babu mai nema.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, kayan gyara suka daina shigowa. Ana cikin haka ordinater ta na'urar duban ciki ta ƙone a ƙaramar likitar garin, wato asibiti. Ga Jummai matar Talle da tsohon ciki, tana zubar da jini.

"Ba ni taɓa ta sai na ga abin da ke ciki," in ji Habsa ungozoma. "Talle, ko ka tada na'urag ga, ko ku kama hanyar Yamai."

Kowa ya san halin da hanyar take ciki. Talle ya ɗauko tsohuwar ordinater ta shagonsa, ya jona mata na'urar, ya rubuta pilot cikin gaggawa. Hoto ya fito, ya daskare.

Ya zauna a ƙasa yana lissafi: nauyin hoto guda, sau yawan hotunan da na'urar ke turowa kowace daƙiƙa. Tsohuwar kafar USB da ya jona na'urar a ciki ba ta iya ɗaukar ko rabinsu. Ya rage yawan hotunan daidai da ƙarfin da aka ce kafar tana da shi. Hoton ya sake daskarewa. Ashe ba ta ba da duk abin da aka faɗa.

"Maigida, sanyi nike ji," Jummai ta ce daga kan gado.

Talle ya ƙara rage yawan hotunan, ya ƙanƙance hoton har ya yi dishi-dishi. Sai ga shi yana motsi, yana tsayawa, yana motsi.

Habsa ta daɗe tana kallo. "Mabiyiya ta tare hanya. Sai an yi mata aiki, nan kau ba mu iyawa."

Motar wani mai awon hatsi ta kai su Yamai. Jummai ta rayu, jaririn bai zo da rai ba.

Talle yana nan Filinge. Bai cika magana ba yanzu. In mai ciki ta wuce gaban shagon, yakan sunkuyar da kai har ta yi nisa.