Matar da Ba Ta Tare Ba

An ɗaura mini aure ina shekara ashirin, amma ban tare ba. Angon direban babbar mota ne a hanyar Kamaru, ya ce sai ya gama rufin ɗakinsa na unguwar Kokoro tukuna. Na zauna gidanmu ina jira, kullum ina shagon babana a Titin Koudoukou, ina yankan atamfa ina cika baki.

Akwai wani tsoho, dattijon coci, da yakan zauna a bencinmu mu sha hira da yaren Sango. Ya yi karatun Girkanci don ya karanta littafinsu daga tushe, kuma wallahi ba ya bari a manta. Ran nan ya dube ni ya ce, "'Yata, ke fa zamanki irin na matan Yahudawan dā ne."

Na ce, "Ni? Haba Baba, ka rasa da wa za ka haɗa ni?"

Ya yi dariya. Ya ce a Girkanci ranar biki sunanta gamos, ɗaurin alkawari kuma kalmarsa daban. Yarinya takan yi kusan shekara a gidan ubanta, ango na can yana shirya ɗaki. Amma matarsa ce, sai da saki za su rabu. In ya mutu kafin biki, sunanta matar mamaci.

"Ko ƙofarsa ba ta taka ba? Kai! Wannan ai zalunci ne!" Har na buga almakashi a kan tebur.

Da la'asar na hau taksi-moto, babur ɗin haya, zuwa gida, bakina na ƙaiƙayi. Na tarar da Inna a tsakar gida da ƙannenta biyu, sun yi jugum. Ban ma lura ba, ni da surutu. Na kwashe labarin kaf na zuba musu, ina tafa hannu, ina cewa Allah Ya raba mu da al'adar mutanen nan.

Ba wadda ta yi dariya.

Inna ta ce, "Mu ma haka ne. Da an ɗaura, akwai takaba."

"To mu ina ruwanmu?"

"Zauna," in ji ta. "Ɗazu aka bugo wa babanki. Motar mijinki ta faɗi bayan garin Bouar, bai fita ba."

Na zauna daɓas. Ko salati na kasa. Ina ta cewa, "Ai ban tare ba, Inna, ban tare ba," ita kuwa tana kuka tana cire mini 'yan kunne.