Aron Soja Saboda Idon Ladi

"Sai Litinin za ku ga likita," in ji nas a wani asibiti a Garuwa ta ƙasar Kamaru. Ga jikata Ladi goye a bayana, kwantsa ta liƙe mata ido, ya kumbura.

Na ce, "'Yata, zamanin Jamus likitan bariki iyalan soja kaɗai yake dubawa. Da idon babana ya yi haka, kakata aron soja ta yi, ta ce mijinta ne. Akwai soja a kusa?"

Ta dube ni, ta dubi idon. "Iya, da wannan furfurar? Shigo kafin ki kashe wa wata aure."

Aka ɗiga magani, washegari Ladi ta buɗe ido.

Ku a garinku wa ake arowa kafin a ga likita?