Furfura a Tsinken Ashana

A ɗakin gwaje-gwaje kowa Baba Mai Tsinke yake kiransa. Aikinsa tun yana saurayi shi ne ɗauko kiristal, ɗan abin da bai kai ƙwayar gishiri ba, ya ɗora shi a bakin siririn gilashi. Sai a haska shi da hasken nan na ɗaukar hoton ƙashi, hasken ya warwatsu ya bar ɗige-ɗige, masana su karanta yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a ciki.

Kayan aikinsa silin gashi ne manne a tsinken ashana. Ya gwada gashi iri-iri, bai sami mai ƙarfi da laushin furfurar matarsa ba.

"Kai ka shuka ta, dole ka zo girbi," takan ce, tana karkato masa kai. "A hankali dai, Malam, kada ka bar ni da sanƙo."

Da ta rasu, tsinke ɗaya ya rage masa. Ya sa shi a gidan tabarau, ya koma aiki da zaren roba kamar kowa.

Wata safiya Dakta, shugabar ɗakin, ta same shi idonta jawur. Maganin da ta shekara tana fama da shi ya fitar da kiristal biyu kacal. Zaren roba ya farfasa ɗaya, ɗayan kuma ya manne a jikin kwalba, cikin ruwan maganin.

"Baba, ba ni da bakin roƙonka," in ji ta. "Na san gashin wace ce a tsinken nan."

Ya san ruwan kwalbar yana cin gam ɗin da ya manne gashin a tsinken. Ya daɗe yana goge tabaransa, sannan ya buɗe gidan tabarau ya ɗauko tsinken.

"Da tana nan, zagina za ta yi in na hana," ya ce.

Ya sunkuya kan madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, ya yi ta lallaɓar kiristal ɗin har ya saki. Da ya ɗago tsinken, ba gashi. Silin ya faɗa cikin ruwan.

Da aka ɗora kiristal ɗin a gilashi aka haska shi, ɗige-ɗigen suka fito tsaf, reras, ɗakin ya kaure da tafi. Dakta ta juyo za ta yi godiya, sai ta fasa. Baba na kan madubi har yanzu, yana laluben farin sili cikin farin ruwa. Aka tashi aiki bai gan shi ba. Ya mai da tsinken gidan tabarau haka nan, ya rufe.