Matar da Ba Ta Goya Ɗanta Ba

Tsohon da nake jinya a unguwar Concourse Village, nan Bronx a ƙasar waje, yana da wani hoto a saman gadonsa: Maryamu rungume da jaririnta, baƙi da fari, irin na da da ake sassaƙawa a jikin ƙarfe a buga a takarda. In na gama juya tsohon a gado, bayana yana ciwo, nakan zauna in ƙura wa hoton ido.

Iya Saratu, kakata ta wajen uwa, Kirista ce. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Tana da irin wannan hoton a ƙasan kwallarta. Bayan an ci tuwo mukan kewaye murhu, ta ɗora shi a cinya ta ce, "Ga ta nan, ku matso ku karɓa." Sai ta kawo labarin mugun sarkin da ya sa a kashe jarirai, da matar da ta gudu da nata zuwa Masar, ga rana ga yashi.

Ran nan na ce, "Iya, don me ba ta goya shi ba? Majanyi ta rasa?"

"Kai maigidana, ka cika tambaya. Ɗan da za a bar maka shi ake goyawa. Wannan ta san za a raba su, fuskarsa take son gani."

Ina shekara tara dangin babana suka ɗauke ni. Da na dawo ganinta na zama saurayi, karatu kaɗan, zafin kai da yawa. Na zaro hoton na ce gunki ne, na jefa a murhun nan. Tana kallo ya cinye. Ta ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Ban nemi gafararta ba. Ina nan Bronx ta rasu.

Daga baya ƙanwar mahaifiyata ta gaya mini a waya cewa Iya ba ta taɓa goya ni ba. A ƙirji ta ɗauke ni, har mata suna mata dariya a bakin rijiya.

Ina nan da addinina, ba na yi wa hoto sujada. Amma yanzu ina ganin abin da mai sassaƙar ya zauna ya yi da siraran layukansa: babban yatsan uwar ya ɗan nutse a diddigen yaron, idonta kuma ba ya kan kowa sai shi. Goge ƙura ba ya cikin aikina. Duk safiya nakan sauke hoton da hannu biyu in goge gilashin.